Percy Julian: Jikan bayi da ya buɗe hanyar samun kotizon daga waken suya

A kusan kowane shagon magani da ke Nima, Maamobi ko Alajo a birnin Akra, za a tarar da ƙwayoyi da man shafawa masu sunaye irin su prednisolone, dexamethasone da hydrocortisone. Haka abin yake a zangon Kumasi, da Lome, da Kwatano, da Yamai, da Kano. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, har wasu ma a tire ake tallarsu. Dukkansu dangi ɗaya ne, an ƙera su ne don su kwaikwayi wani sinadari da jikin ɗan Adam ke samarwa da kansa mai suna kotizol, wanda ake yi wa laƙabi da sinadarin damuwa.

A shekarar 1949 kuwa, giram ɗaya na kotizon, wato maganin farko a wannan dangi, ya kai kimanin dalar Amurka 200, kuma ko mai kuɗin ba lallai ya samu ba. Daga cikin mutanen da suka yi aikin da ya karya wannan farashi akwai wani baƙar fatar Amurka, Dakta Percy Lavon Julian, wanda kakanninsa bayi ne, wanda kuma aka sha hana shi aiki da muhalli saboda launin fatarsa.

Yaron Montgomery

An haifi Percy Julian ranar 11 ga Afrilun 1899 a Montgomery, jihar Alabama, a kudancin Amurka. Mahaifinsa, James Sumner Julian, ma'aikacin gidan waya ne da ke tantance wasiƙu a cikin jirgin ƙasa, mahaifiyarsa Elizabeth kuma malamar makaranta ce. Shi ne babba a cikin 'ya'ya shida. A lokacin shekara 34 ke nan da soke bauta a Amurka, tsofaffin gidansu duk sun ɗanɗana ta. Julian ya sha ba da labarin kakansa da ya rasa yatsu biyu, waɗanda aka yanke masa a zamanin bauta saboda an gano ya koyi rubutu.

Kudancin Amurka na wancan lokaci yana ƙarƙashin dokokin wariyar launin fata. Makaranta daban, wurin zama a jirgi daban, asibiti daban. Yana yaro ya taɓa cin karo da gawar wani baƙar fata da aka rataye a bishiya a dajin da ke kusa da gidansu, abin da bai taɓa mantawa ba. Makarantun gwamnati na baƙaƙen fata a yankin ba sa wuce aji takwas, don haka ya ƙarasa abin da ya samu a wata makarantar horar da malamai ta baƙaƙe, inda darasin kimiyya bai da yawa.

A 1916 ya tafi Jami'ar DePauw da ke garin Greencastle a jihar Indiana. Saboda raunin karatun da ya taho da shi, an ɗauke shi a matsayi ƙasa da ɗalibin shekarar farko. Da rana yana darasin jami'a, yana kuma cike gurbin darussan sakandare. Ba a ba shi ɗaki a masaukin ɗalibai ba. Ya samu makwanci a saman rufin wani gidan ƙungiyar ɗalibai farare, yana kai musu abinci teburi yana hura wutar ɗumama gida. A 1920 ya kammala, kuma shi ne ya zo na ɗaya a ajinsu. Daga baya iyayensa suka kwaso iyali suka koma Greencastle domin ƙannensa su yi karatu. Maza biyun sun zama likitoci, mata ukun kuma suka yi digiri na biyu.

Daga Harvard zuwa Viyana

Abokan karatunsa farare da ya fi su maki sun samu gurbin ci gaba da karatu a manyan jami'o'i. Shi kuwa aka ba shi shawarar ya nemi koyarwa a makarantar baƙaƙe, domin a ganin masu ba da gurbin, babu kamfani ko jami'ar da za ta ɗauki baƙar fata masanin sinadarai. Ya koyar na shekara biyu a Jami'ar Fisk da ke Nashville, sannan ya samu tallafin karatu zuwa Harvard, inda ya yi digiri na biyu a 1923. A nan ma aka tsaya. Jami'ar ta ƙi ba shi aikin taimaka wa malamai, wanda ta hanyarsa ɗalibai ke biyan kuɗin digiri na uku, don gudun kada farare su ƙi yarda baƙi ya koyar da su.

Ya koma koyarwa, da farko a West Virginia, sannan a Jami'ar Howard da ke Washington. A 1929 tallafin gidauniyar Rockefeller ya kai shi Jami'ar Viyana a ƙasar Ostiriya, ƙarƙashin Farfesa Ernst Späth, ƙwararre a kan sinadaran da ake samu a tsirrai. A can ya iya Jamusanci sosai, ya shiga gidajen abokai da wuraren kiɗa ba tare da an nuna masa ƙofar baya ba. Ya samu digirin dakta a 1931, ya zama baƙar fatar Amurka na uku da ya kai wannan matsayi a fannin haɗa sinadarai.

Komawarsa Howard ba ta yi daɗi ba. Ya shiga rikicin cikin gida na jami'a, sai wasu wasiƙun sirri da ya rubuto daga Viyana, waɗanda ya yi wa wasu abokan aikinsa shaguɓe a ciki, suka faɗa hannun wata jaridar baƙaƙen fata ta Baltimore, ta buga su. Ga kuma ƙara a kotu da ta shafi rayuwarsa ta sirri. A 1932 ya ajiye aiki cikin kunya. Tsohon malaminsa, William Blanchard, shi ya miƙa masa hannu, ya dawo da shi DePauw a matsayin mai bincike.

Waken Kalaba

Aikin da ya fara fito da sunansa ya samo asali ne daga gaɓar tekun Najeriya. A yankin Kalaba akwai wani wake mai dafi da Efik ke kira esere, wanda a da ake ba wanda ake zargi da maita ko kisa. Idan ya amayar ya rayu, an wanke shi, idan ya mutu, an ce laifinsa ne ya kama shi. Turawan mishan sun kai waken Sikotilan a ƙarni na 19, likitoci suka gano cewa sinadarin da ke cikinsa, wanda ake kira fisostigmin ko eserin, yana tsuke ƙwayar ido yana rage matsin ruwan cikinta. Ya zama maganin hawan jinin ido, cutar da har yau take makantar da mutane da yawa a Afirka ta Yamma.

Babu wanda ya taɓa haɗa wannan sinadari a ɗakin gwaji. Julian da abokinsa Josef Pikl, wanda suka yi karatu tare a Viyana, suka sa kansu. Ashe a Jami'ar Oxford ta Ingila, Robert Robinson, ɗaya daga cikin manyan masanan duniya a fannin, shi ma yana kan wannan aiki, har ya wallafa cewa ya haɗa sinadarin da ke gab da na ƙarshe. Julian ya duba sakamakon Robinson ya ga bai yi daidai da nasa ba. Ya fito fili ya rubuta cewa babban malamin ya yi kuskure. Da a ce shi ne ya kuskure, da sunansa ya ƙare ke nan. Suka gwada zafin da ke narkar da nasu sinadarin da na wanda aka tatso daga waken kansa, suka zo daidai. A 1935 suka kammala haɗa fisostigmin. Robinson ya ci kyautar Nobel a 1947 kan wasu ayyukansa, amma a wannan karon matashin baƙar fata ne ya yi gaskiya.

Duk da haka hukumar gudanarwar DePauw ta ƙi ba shi kujerar farfesa. Kamfanin DuPont ya kira su ganawa shi da Pikl, aka ɗauki Pikl aka bar shi. Wata cibiyar binciken takarda a garin Appleton na jihar Wisconsin ta so ɗaukarsa, sai aka tuna cewa garin ba ya barin baƙar fata ya kwana a cikinsa. A ƙarshen wannan shekara ya auri Anna Roselle Johnson, wadda ita ma ta yi digirin dakta a ilimin zamantakewa a Jami'ar Pennsylvania a 1937. Sun haifi 'ya'ya biyu, namiji da mace.

Tankin man da ruwa ya shiga

A 1936 kamfanin fenti na Glidden ya ɗauke shi shugaban bincike a sashensa na waken suya da ke Shikago. Abu ne da ba a saba gani ba a lokacin, baƙar fata yana shugabantar farare a ɗakin gwaji. Wannan wake da ake yin awara da madara da shi, Julian ya fitar da furotin ɗinsa mai yawa don shafe takarda da haɗa fenti. Da wannan furotin ne aka yi kumfar kashe gobarar mai, wadda sojojin ruwan Amurka suka yi amfani da ita a jiragensu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

A 1939 aka kira shi cewa ruwa ya yoyo cikin wani tanki mai ɗaukar galan 100,000 na tataccen man waken suya, wani farin abu ya kwanta a ƙasa, ana ganin man ya lalace. Julian ya tuna cewa tun yana DePauw ya taɓa ganin irin wannan ƙanƙara a cikin man waken Kalaba. Sinadarai ne da ake kira siterol, cikinsu har da stigmasterol, waɗanda ƙirarsu ta yi kama da ta kolestarol da ke jikin mutum. Jiki kuwa daga kolestarol yake gina sinadaran haihuwa na maza da mata, daga shi kuma yake gina kotizol. Dukkansu ginshiƙinsu ɗaya ne, zobba huɗu na kabon a manne da juna, bambancin yana ga 'yan abubuwan da aka rataya a gefe.

Hatsarin ya nuna masa hanyar ware siterol daga mai da yawan gaske. Cikin shekara guda ya fara sarrafa shi zuwa furojestaron, sinadarin da ke riƙe ciki, wanda a da sai an tara ƙwayayen haihuwar dabbobi masu ɗimbin yawa kafin a samu ɗan kaɗan. A 1940 ya aika wa kamfanin magani na Upjohn kusan rabin kilo, wanda darajarsa ta haura dala 60,000. A 1947 ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP ta ba shi lambar Spingarn, babbar lambar yabonta.

Aikin kotizol a jiki

A kan kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu mai kama da hula, nauyinsa bai wuce giram biyar ba, ana kiransa adirinal. Ɓawonsa ne ke samar da kotizol, amma umarni daga ƙwaƙwalwa yake zuwa. Wani sashe a gindin ƙwaƙwalwa yana aika saƙo ga ƙullutun fituwitari, shi kuma ya saki sinadarin ACTH cikin jini, wanda ke gaya wa adirinal ya yi aiki. Idan kotizol ya isa, ƙwaƙwalwa ta ji, sai ta rage saƙon. Yawansa yana bin agogo. Yakan fara hawa gab da asuba, ya kai ƙololuwa jim kaɗan bayan farkawa, ya riƙa sauka har ya kai ƙasa wajen tsakar dare.

Idan mutum ya shiga firgici, ko zazzaɓi mai tsanani, ko rauni, ko tiyata, ko yunwa, jiki yakan ƙara sakinsa. Yana sa hanta ta zuba sukari cikin jini domin ƙwaƙwalwa da tsoka su samu ƙarfi, yana riƙe bugun jini kada ya faɗi, yana kuma danne kumburi da zafin garkuwar jiki kada ta wuce gona da iri. Falken da aka tsare wa kaya a kan iyaka, ko uwar da ɗanta ke kwance asibiti, jikinsu yana wannan aiki ba tare da sun sani ba. Idan abin ya wuce, jiki ya koma daidai. Idan kuwa damuwa ta ƙi ƙarewa, wata da watanni, agogon yakan rikice, barci ya lalace, kuma hakan na taimakawa wajen hawan jini da hauhawar sukari.

Likitoci sun san illar rashinsa tun kafin su san sunansa. A 1855 Thomas Addison na asibitin Guy's da ke Landan ya bayyana marasa lafiyar da adirinal ɗinsu ya lalace, galibi saboda tarin fuka. Suna ramewa, ƙarfinsu ya ƙare, fatarsu ta ƙara duhu, jininsu ya faɗi, daga ƙarshe su mutu. A 1932 likitan ƙwaƙwalwa Harvey Cushing na Amurka ya bayyana kishiyar haka, wato yawansa: fuska ta kumbura ta yi zagaye, kitse ya taru a ciki da ƙeya, hannu da ƙafa su sirance, nankarwa ta fito, ƙashi ya yi rauni. A 1936 Hans Selye a birnin Montreal na Kanada ya nuna cewa ɓeraye da aka gallaza wa sanyi ko rauni ko guba duk adirinal ɗinsu yakan ƙara girma, daga nan aka fara danganta wannan ƙullutu da damuwa.

Tseren neman kotizon

A shekarun 1930, Edward Kendall na asibitin Mayo a Amurka da Tadeus Reichstein a Suwizalan suka riƙa tattaro tan-tan na adirinal ɗin shanu daga mayanka suna ware sinadaran da ke ciki, suna sa musu haruffa. Abin da Kendall ya kira E shi ne kotizon, F kuma shi ne kotizol. Hanta ce ke mayar da na farko zuwa na biyu. Abin da ake samu kaɗan ne ƙwarai. A 1941 jita-jita ta bazu cewa Jamus na sayen adirinal ɗin shanu daga Ajantina don matuƙan jiragen yaƙinta su jure tashi sama sosai. Labarin ba gaskiya ba ne, amma ya sa gwamnatin Amurka ta zuba kuɗi a binciken. Lewis Sarett na kamfanin Merck ya samo hanyar haɗa kotizon daga ruwan matsarmamar shanu, ta matakai fiye da 30.

Ranar 21 ga Satumban 1948, Dakta Philip Hench na Mayo ya yi wa wata mata 'yar shekara 29 allurarsa. Amosanin gaɓɓai ya kwantar da ita, ba ta iya juyawa a gado sai da taimako. Bayan kwana uku ciwo ya lafa, cikin mako guda ta fita sayayya. Da aka sanar da sakamakon a Afrilun 1949, duniya ta ɗauka. A 1950 Hench da Kendall da Reichstein suka raba kyautar Nobel. Sai dai marasa lafiya miliyoyi ne, matsarmamar shanun duniya kuwa ba za ta ishe su ba.

Aka bazama neman tsiron da zai maye gurbinta. Neman ya iso har Afirka ta Yamma, domin an taɓa samun wani sinadari mai amfani a cikin 'ya'yan kwankwani, kurangar da maharban ƙasar Hausa suka daɗe suna haɗa dafin kibiya da ita. Amurka da Suwizalan suka turo masanan tsirrai suna tattara irinta, amma abin da ke ciki bai kai a dogara da shi ba. A Meziko kuma kamfanin Syntex, wanda Russell Marker ya taimaka aka kafa a 1944, yana aiki da wata doyar daji.

Julian ya tsaya kan wakensa. A 1949 ya sanar da hanyar haɗa sinadarin da Reichstein ya sa wa harafin S, cikin sauƙi kuma da yawa. Tsakanin wannan sinadari da kotizol, ƙwayar iskar oksijin ɗaya ce tak, a gurbi na 11 na zobban nan. Sanya ta a wurin shi ne ya gagari masana. Amsar ta fito daga fumfuna. A 1952 Durey Peterson da Herbert Murray na Upjohn suka gano wata fumfuna da ke manna oksijin a wannan gurbi idan aka ba ta furojestaron. Ba da jimawa ba kamfanin Pfizer ya samo wata da ke mayar da sinadarin S kai tsaye zuwa kotizol, wanda a kwalin magani ake rubuta shi hydrocortisone. Ta haka siterol na tsirrai ya maye gurbin matsarmama, cikin 'yan shekaru farashin giram ya sauko zuwa 'yan daloli. Julian bai gano kotizon ba, kuma ba shi kaɗai ya yi wannan aiki ba. Nasa rabon shi ne samar da kayan haɗin a tan-tan daga abin da ake nomawa a gona. Har yau daga siterol na tsirrai, musamman waken suya, da doyar daji ake fara haɗa yawancin magungunan wannan dangi.

Wuta a Oak Park

A 1950 wata jaridar Shikago ta zaɓe shi gwarzon birnin na shekara. A wannan shekara ya sayi gida a Oak Park, unguwar farare masu hali a gefen birnin. Kafin su tare, a ƙarshen Nuwamba, wasu suka zuba fetur a gidan suka yi ƙoƙarin cinna masa wuta. Iyalin suka tare duk da haka. A Yunin 1951 aka jefa nakiya kusa da tagar ɗakin yara, lokacin shi da matarsa sun yi tafiya. Babu wanda ya ji rauni. Julian ya ɗauki masu gadi, wasu dararen kuma shi da kansa yake hawa bishiyar ƙofar gida da bindiga, ɗansa na gefensa. Wasu daga cikin maƙwabta farare sun kafa ƙungiya suka fito fili suna mara masa baya. Bai tashi ba, a Oak Park ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

A ƙarshen 1953 ya bar Glidden bayan shekara 17, domin kamfanin ya janye daga harkar magunguna. Ya kafa nasa, Julian Laboratories, a Franklin Park kusa da Shikago, ya ɗauki baƙaƙen fata da mata masana sinadarai waɗanda wasu wuraren ba sa ɗauka. Ya gina masana'anta a Meziko don sarrafa doyar daji, hukumomin ƙasar suka hana shi izinin haƙar doyar, sai da ya samo wata a Gwatamala. A 1961 ya sayar da kamfanin ga Smith Kline & French a kan dala miliyan 2.3, ya zama ɗaya daga cikin baƙaƙen fatar Amurka masu arziki a zamaninsa. Ya ci gaba da bincike a wata cibiya da ya kafa a 1964, yana kuma tara wa NAACP kuɗin shari'o'in neman 'yanci.

Ya mallaki takardun haƙƙin ƙirƙira fiye da 130. A 1973 aka zaɓe shi cikin Majalisar Kimiyya ta Ƙasar Amurka, shi ne baƙar fata na biyu da ya shiga, na farko kuma a fannin sinadarai. Sankarar hanta ce ajalinsa. Ya rasu ranar 19 ga Afrilun 1975 a Waukegan, jihar Illinois, yana da shekara 76. A 1993 gidan wayar Amurka ya buga kan sarki mai hotonsa. Jami'ar DePauw da ta hana shi kujera ta sa wa ginin kimiyyarta sunansa, akwai kuma makaranta mai sunansa a Oak Park.

Maganin a zango

Arahar da Julian da takwarorinsa suka kawo tana ceton rai kullum. Da waɗannan magunguna ake kwantar da asma idan ta tashi da ƙurar hunturu, da su ake jinyar wasu cututtukan ƙoda na yara, da ƙyasbi mai tsanani, da amosanin gaɓɓai. Ana yi wa mai cikin da za ta haifi bakwaini allurarsu don huhun jariri ya yi ƙwari. Mai cutar Addison, wanda a da ba shi da makawa sai mutuwa, yanzu yana rayuwa da ƙwaya ta kullum. A Yunin 2020 wani babban gwaji da Jami'ar Oxford ta jagoranta ya nuna cewa dexamethasone na rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Wannan arahar ce kuma ta sa maganin ya fita daga hannun likita. Tun a marasa lafiyar farko na Hench an ga cewa ciwon yakan dawo idan an daina, kuma wanda ya daɗe yana sha fuskarsa takan kumbura, hankalinsa ma yakan taɓu. A kasuwannin yankin nan ana sayar da dexamethasone ga 'yan mata da amare masu son ƙiba, a arewacin Najeriya har ana kiran irin waɗannan ƙwayoyi sha-ka-fashe. Abin da ke fitowa ruwa ne da kitsen da ya taru inda bai dace ba, wato alamomin da Cushing ya bayyana a 1932, tare da haɗarin ciwon sukari, hawan jini da lalacewar ƙashi. Ana kuma cusa su a ɓoye cikin wasu haɗe-haɗen maganin ciwon jiki da sanyin ƙashi.

Sai man bilicin. Da yawa daga cikinsu na ɗauke da clobetasol ko betamethasone, masu ƙarfin da ya ninka na kotizol sau da yawa. Suna sa fata ta yi haske, amma suna sirantar da ita, jijiyoyi su fito, nankarwa mai faɗi ta tsage ta, ƙuraje da makero su samu wuri, rauni ko ɗinkin tiyata ya ƙi warkewa da wuri. Idan ana shafe jiki duka shekara da shekaru, maganin yakan ratsa fata ya shiga jini. Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, ta ambaci masu kotizon a cikin dokar, hukumar abinci da magunguna ta Gana kuma ta hana shigo da masu sinadarin hydroquinone daga Agustan 2016. Har yanzu suna ƙetare iyakoki a jakunkunan fatake. Mutumin da aka hana shi aiki da gida saboda baƙar fatarsa, dangin maganin da ya taimaka ya yi araha ne yau ake goge baƙar fata da shi.

Akwai haɗarin da masu shan ƙwayoyin da masu shafawa ba su cika sani ba. Idan kotizol na waje ya daɗe yana shiga jiki, ƙwaƙwalwa takan daina aika saƙo, adirinal ya kwanta ya daina aiki. Wanda ya yanke maganin rana ɗaya bayan makonni ko watanni yana iya faɗawa halin masu cutar Addison, da amai, da jiri, da faɗuwar jini, wani lokaci har rasa rai, musamman idan zazzaɓi ko haihuwa ko tiyata ta same shi a wannan hali. Shi ya sa likitoci ke rage shi sannu a hankali har ƙullutun ya farfaɗo. Duk wanda ya daɗe a kan irin waɗannan ƙwayoyi ko mayuka, a Akra yake ko a Maraɗi, abin da ya fi masa shi ne ya ɗauki kwalin ya kai asibiti, ya faɗi tsawon lokacin da ya yi yana amfani da shi, a tsara masa yadda zai rabu da shi.